Tumukun Suri: Halittarsa da Matsayinsa a Ilmin Kimiyya

Daga cikin abubuwan da ke tsirowa a gonaki da makiyaya na ƙasar Wudil bayan saukar ruwan sama akwai tumukun suri. Yakan fito a kan suri ko juji ko busasshen rairayi, fari fat, mai siffar kulki, tsawonsa yakan kai kamar taƙi ɗaya. Likitan nan J. M. Dalziel ya kawo sunansa a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916.

Mutane da yawa suna ɗaukarsa tsiro ne, amma ba shi da ganye ko fure ko saiwa, kuma ba ya haɗa abincinsa da hasken rana. Asalin jikinsa wasu siraran zaruruwa ne da ke ƙarƙashin ƙasa, suna cin ruɓaɓɓen haki da kashin dabbobi. Abin da muke gani a sama tamkar 'ya'yansa ne kawai. Laimar kwaɗi takan buɗe ta zubar da irinta. Shi kuwa tumukun suri a rufe yake nuna, cikinsa ya bushe ya zama baƙin gari. Idan ɓawon ya tsage, iska ta kwashi garin. Kowace ƙwaya iri ce mai kaurin fata, wadda ke jure zafin bazara har wata damina.

A 1771 Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya raɗa masa suna Lycoperdon pistillare, ya haɗa shi da sauran masu fitar da ƙura. A 1829 Elias Fries ya mai da shi Podaxis pistillaris. Binciken ƙwayoyin halitta na shekarun 1990 ya nuna ashe ɗan'uwan laimar kwaɗi ne, zaman busasshiyar ƙasa ya sa ya daina buɗewa. Yanzu yana cikin zuriyar Agaricaceae.

A Indiya ana cin ɗanyensa tun cikinsa yana fari, mutanen asali na Ostareliya kuwa sukan shafa garinsa don kwalliya. Sai dai a ja kunnen yara, domin a danginsa akwai masu dafi, kuma suna kama da juna tun suna ƙanana.

Ya kamata malamai su riƙa kai ɗalibai bakin suri da damina, su kuma tambayi dattawa sunayen da suka sani, a rubuta su tun masu sanin suna raye.