Su wa ke tsaya wa yaran da suka rasa gata a Funtua da Malumfashi?

Idan aka tsinci jariri a bakin hanya, ko aka kama yaro ɗan shekara 12 da laifin sata a kasuwa, ko kuma aure ya mutu ana jayayya a kan wanda zai riƙe 'ya'ya, akwai wani ma'aikacin gwamnati da ya kamata a nemo kafin magana ta yi nisa.

Wannan ma'aikaci shi ne jami'in jin daɗin jama'a. Aiki ne da ba kasafai matasan da suka gama sakandare ke ambatonsa ba idan ana zancen abin da za su karanta, alhali kuwa a kudancin Jihar Katsina bukatarsa ƙaruwa take yi.

Yankin, wanda a siyasance ake kira shiyyar Funtua, ya ƙunshi ƙananan hukumomi 11 daga cikin 34 na jihar. Ƙasar noma ce da ta yi suna da auduga tun zamanin Turawa, lokacin da aka kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, sannan ga masara da dawa da waken suya da ake lodinsu daga kasuwanni irin ta Ɗandume.

A irin wannan wuri yaro hannu ne a gona, kuma abin da ya taɓa gona ya taɓa shi. Hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara sun raba iyalai da yawa da gonakinsu, suka kwararo cikin garuruwa, wasu da marayu a hannu.

Duniya ta fi tunawa da daren 11 ga watan Disamba na 2020, lokacin da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 daga cikinsu bayan kwana shida. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wanda ya zauna da waɗannan yara bayan da 'yan jarida suka watse, ya saurari wanda ya kasa barci da wanda ya ce shi da makaranta har abada.

Mene ne aikin?

Mafi yawan aikin ba a ofis ake yin sa ba. Jami'in zai je gida ya ga inda yaro yake kwana, ya ji ta bakin uwa da uba da maƙwabta da mai unguwa, sannan ya rubuta rahoton da alƙali zai iya dogara da shi.

Shi ne ke bin mijin da ya saki mace ya daina ciyar da 'ya'yansa. Shi ne ke neman dangin yaron da aka tsinta a tashar mota bai san sunan garinsu ba. Idan yaro ya yi laifi, shi ne ke ƙoƙarin ganin ba a haɗa shi ɗaki ɗaya da manyan masu laifi ba, an kai shi gidan kula da kangararrun yara, ko kuma an damƙa shi ga iyayensa bisa sharaɗin sa ido.

A asibiti ma akwai irinsa, mai kula da majinyacin da ba shi da kowa, da yarinyar da aka yi wa fyaɗe iyayenta suna son a rufe maganar.

Aikin a sigarsa ta gwamnati baƙo ne. Daga Legas ya faro, inda Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar yara da matasa a 1943 saboda yaran da suka cika titunan birnin lokacin yaƙin duniya na biyu. Sai a 1958 dokar ta iso Jihar Arewa.

To amma kula da yaron da ya rasa gata ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma a nan ne aikin yake da sarƙaƙiya.

Riƙo, da shari'a, da dokar gwamnati

Tun kafin a san wani ofishi, idan uba ya rasu akwai baffa, idan uwa ta rasu akwai goggo ko inna ko kaka. Al'adar riƙo ta sa da wuya a ga gidan da babu ɗan wani a cikinsa. Abin da ya fi ƙarfin dangi ya tafi gun mai unguwa, daga nan sai dagaci, har ya kai ga hakimi, wato Sarkin Maska a Funtua ko Galadiman Katsina a Malumfashi.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci ke aiki da shi a jihar, ya tsara wanda ya fi cancanta da renon yaro idan aure ya mutu. Uwa ce kan gaba, sannan mahaifiyarta, kafin a gangaro kan sauran dangi, ciyarwa kuwa tana kan uba. A aikace sau da yawa al'ada takan rinjayi wannan hukunci, uba ya karɓe ɗansa da zarar an yaye shi, ya kai wa kishiyar uwa. Jami'in da bai san bambancin abin da shari'a ta ce da abin da aka saba yi ba, ba zai iya taimakon matar da ta zo masa da kuka ba.

Haka nan Musulunci bai yarda a mayar da ɗan wani naka ta hanyar sauya masa nasaba ba, amma ya kwaɗaitar da ɗaukar nauyin maraya, abin da malamai ke kira kafala. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta ambaci kafala da sunanta a matsayin halaltacciyar hanyar kula da yaron da ya rasa iyaye.

A kan waɗannan ne dokar gwamnati ta zo ta hau. Majalisar tarayya ta zartar da dokar haƙƙin yara a 2003, amma ba ta aiki a wata jiha sai majalisar jihar ta amince da ita. Jihohin Arewa da dama sun daɗe suna ja da baya, musamman saboda sashen da ya ƙayyade shekara 18 a matsayin shekarun aure. Katsina ta yi tata dokar kare yara a 2020, Kano kuma a 2023.

Darasi daga Kanada da Amurka

Tambayar wanda ya fi cancanta ya yanke hukunci a kan yaron wata al'umma ba a Najeriya kaɗai ake yin ta ba.

A Kanada, kimanin yara 150,000 na 'yan asalin ƙasar aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana inda aka hana su magana da harshensu. Daga baya, musamman a shekarun 1960, jami'an jin daɗin jama'a ne da kansu suka riƙa ɗauke yara suna bai wa iyalan Turawa, da sunan ceto su daga talauci. A 2019 ƙasar ta yi dokar da ta amince wa waɗannan al'ummomi su gudanar da harkar kula da yaransu da kansu.

Amurka ta riga ta, da dokar 1978 wadda ta ce idan za a ba da riƙon yaron 'yan asalin ƙasar, a fara duba danginsa, sannan 'yan ƙabilarsa. Kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da dokar a 2023. A Ostireliya kuwa sai da Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a gaban majalisa a 2008.

Wannan tarihi ne ya sa hukumomin kula da yara na waɗancan al'ummomi suka fi son ɗaukar ma'aikata daga cikinsu, masu jin harshen da sanin dangantakar gidaje.

Lamarin Katsina ya sha bamban, domin matsalar a nan ba gwamnati ce ke ƙwace yara ba, rashin ganinta ne a lokacin da ake bukatarta. Sai dai zargin da magidanci ke yi wa ɗan bokon da ya shigo masa gida da biro da takarda, iri ɗaya ne.

An ga abin da rashin ƙwararru ke haifarwa a watan Oktoban 2019, lokacin da 'yan sanda suka kai samame gidajen mari a Daura da birnin Katsina, suka fito da mutane, ciki har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Akasari iyaye ne suka kai su da hannunsu, saboda shaye-shaye ko rashin ji, kuma don ba su san wata ƙofar da za su buga ba. An sake gani a 2020, da gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu na asali saboda annobar korona. Sauke yaro daga mota abu ne mai sauƙi, nemo gidansu da tabbatar da cewa akwai abin da zai ci a can shi ne aikin.

Hanyar shiga

Mai sha'awar wannan aiki yana iya farawa da difloma a fannin raya al'umma, kamar wadda ake yi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko ya yi digiri a fannin nazarin zamantakewar ɗan Adam a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka na daga cikin waɗanda ke da sashe na musamman na wannan aiki.

Na tsawon shekaru duk wanda aka tura ofishin ya zama jami'i, ko ya karanci fannin ko bai karanta ba. A ƙarshen 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu aikin rajista da tsara ƙa'idojinsu, kamar yadda ake yi wa likitoci da lauyoyi.

Guraben aikin suna ma'aikatar harkokin mata ta jiha, da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, da asibitoci, da gidajen gyaran hali, da ƙungiyoyin agaji masu aiki da hukumomi irin su UNICEF. Akwai kuma hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, wadda aka kafa da dokar tarayya a 2023.

Albashin gwamnati a wannan fanni bai taka kara ya karya ba, kuma ƙungiyoyin agaji da suka fi biya aikinsu na kwantiragi ne, yana ƙarewa ranar da tallafi ya ƙare.

Inda giɓin ya fi fitowa fili shi ne wajen mata. A mafi yawan gidajen karkarar Funtua da Malumfashi, namiji baƙo iyakarsa zaure, alhali yaron da ake magana a kansa da uwarsa suna cikin gida. Jami'a mace ce kaɗai ke iya yin sallama ta wuce.