Ƙiba: Wa Ta Fi Kamawa?

A wurinmu, idan mace ta yi ƙiba sai a ce maigida yana kula da ita. Amma ƙibar da ta wuce kima tana jawo hawan jini, ciwon sukari da ciwon gwiwa.

A Faransa da Amurka, ƙiba ta fi kama matan da ba su da hali da waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba, domin a can abinci mai maiƙo da zaƙi ya fi ganye da 'ya'yan itace araha. A Kamaru da Nijar kuwa, ta fi yawa a birni, wurin masu hali da masu ilimi. Matar ƙauye tana daka, tana ɗiban ruwa. Ma'aikaciyar ofis tana wuni a zaune, ta sha lemon kwalba, ta hau babur zuwa gida. Ashe karatu kaɗai ba ya kare mutum. Abin da ake ci da motsa jiki su ne magana.

Mai tsawon mita 1.60, idan ya kai kilo 77, ƙibarsa ta zama ciwo. Ku rage mai da sukari, ku riƙa tafiya a ƙafa minti 30 kullum, ku zo asibiti a auna nauyinku da jininku.