Daga Tambuwal zuwa kangon Surame: abubuwan mamaki a bakin hanya

Yawancin masu bin titin Jega zuwa Sakkwato, in sun tsaya a Tambuwal, salla za su yi, su sha mai, su wuce. Garin ba ya rige-rigen jan hankalin kowa. Amma ƙasar da ke tsakanin gulbin Zamfara da gulbin Kabi cike take da tsofaffin birane, wasu har yau da mutanensu, wasu kuwa sai duwatsu da bishiyoyin kuka. Ga kaɗan daga cikin abin da matafiyi ke wucewa bai sani ba.

Tambuwal ɗin kanta ribaɗi ce. Muhammadu Buhari, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya zauna nan yana tsaron iyaka da Kabawa. Jarumi ne, kuma malami mai tsara waƙoƙi da Larabci. Zuriyarsa ce ta riƙe sarautar garin bayansa.

Abin sha'awa, Jega da ke gaba kaɗan ita ma wani Buhari ya kafa ta, wajen 1820. Shi wannan ɗan Malam Abdussalami ne, malamin da ya zauna Gimbana da jama'arsa a wannan yanki na gulbin Zamfara, gulbin da ke ratsa ƙasar Kebbe. Harin da rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta kai Gimbana, da kuɓutar da kamammun da almajiran Shehu suka yi lokacin da aka biyo da su ta Ɗagel, mazaunin Shehu, su suka kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Manomin da ke shuka shinkafa a fadamun Kebbe da Kuchi, a maƙwabtan wurin da wutar jihadi ta fara kamawa yake noma.

Kana yin arewa za ka ratsa Shagari, garin Shehu Shagari da ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, sannan Sifawa kusa da Boɗinga, inda Shehu Usmanu ya yi shekaru yana karantarwa da rubuce-rubuce kafin ya koma Sakkwato a 1815.

Amma inda ya kamata a daɗe shi ne Surame, can yamma da Sakkwato a yankin Binji da Silame. Nan ne babban birnin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16. Hausawa mutanen ginin ƙasa ne, da tubali da yaɓe. Ganuwar Kano da ta Katsina da ta Zariya duk ƙasa ce. Ta Surame kuwa da dutse aka ɗora ta, ana haɗawa da jar ƙasa, zobe bayan zobe. Shi ya sa damina ɗaruruwa suka zuba mata ba ta narke ba. A ganina babu wani kango a ƙasar Hausa da ya kai shi sa mutum tsayawa ya yi tunani: wa ya fasa waɗannan duwatsu, wa ya ɗauko su, wa ya ciyar da maginan?

Labarin baka yana da amsarsa. An ce Kanta ya raba ginin ga ƙasashen da ke bin sa, kowa da yankinsa. Nufawa suka makara, sai ya hana su kwaɓa ƙasa da ruwa, ya ce sai dai da man kaɗe. Masu ba da labarin sukan ƙara da cewa yankin nasu ne ya fi ko'ina ƙarfi.

Haka kuma ana ruwaito cewa Kanta yana da wani babban jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla, mutum 50 ke tuƙa shi.

Yadda Kanta ya sami 'yancinsa kuwa a rubuce yake. Ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, aka saɓa a kan rabon ganima, ya yi tawaye wajen 1516, rundunar Askiya ta kasa tanƙwara shi. Littafin Tarikhus Sudan na Abdurrahman as-Sa'adi, mutumin Tambutu, ya kawo wannan. To, a ina Baturen Jamus Heinrich Barth ya ci karo da littafin? A Gwandu, maƙwabciyar Tambuwal, a 1853. Ya kwafi abin da ya iya kwafa, har ya ɗauka wani malami, Ahmad Baba, ne marubucin.

Borno ma ta gwada. Sarkinta Mai Ali ya zo ya kewaye Surame bai ci ta ba. Kabawa suna cewa Kanta ya jera gawawwaki a kan ganuwa, an tsage musu baki kamar masu dariya, Barebari suka hango suka ce waɗannan ba su san an tsare su ba ma, suka kama hanya. Kanta ya bi su har Nguru ya fatattake su. A hanyar dawowa, cikin ƙasar Katsina, aka harbe shi da kibiya, ya rasu.

Ba yaƙin jihadi ne ya tashi Surame ba, kamar yadda wasu ke zato. Tun farkon ƙarni na 18 Sarkin Kabi Tomo ya mayar da fada Birnin Kebbi. Ita ce Abdullahi Ɗanfodiyo ya ci a 1805, daga baya Kabawa suka kafa kansu a Argungu. Sarautar kuma sai ta rabu: akwai Sarkin Kabi a Argungu, akwai Sarkin Kabin Yabo, akwai Sarkin Kabin Jega.

Da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, sai tsohon babban birnin Kabi ya faɗo cikin Jihar Sakkwato. Jihar da ta ɗauki sunan daular ba ta da birnin.

Gwamnatin tarayya ta sa Surame cikin kayan tarihi na ƙasa a 1964, a 2007 kuma aka shigar da ita jerin wuraren da ke jiran amincewar UNESCO. Sukur ta Adamawa ta sami amincewar tun 1999, dajin Osun na Osogbo a 2005. Halin da Surame ke ciki yana damuna ƙwarai, domin ɗaliban Tambuwal da Kebbe sun fi jin labarin dalar Masar fiye da ganuwar da ke cikin jiharsu, kuma duk dutsen da ya zube babu mai mayar da shi.

Mai son zuwa ya bari sai hunturu, lokacin da ciyawa ta bushe, ganuwa ta fito fili. Ya fara gaida hakimi ko dagacin yankin ya nemi ɗan jagora, ya kuma tambayi halin tsaron hanya kafin ya tashi, don yankin ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. Ya ɗauki ruwa da guzuri, babu mai sayar da komai a cikin kangon. In hanyar ba ta yi daɗi ba, ya juya Argungu: Gidan Tarihin Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar gidan adana kayan tarihi a 1958, yana ɗauke da makamai da tambura da layu na sarakunan Kabi, kuma a harabarsa ake binne sarakunan Argungu.