Fiffiken Malam-buɗe-littafi a Kan Farce

A cikin zane-zanen farce da 'yan mata ke yayi a Instagram da TikTok, na fiffiken malam-buɗe-littafi ya fi jan ido. Wasu na cika farce guda da rabin fiffike, wasu kuma su raba ƙwaron a kan yatsu biyu, ta yadda sai an haɗa yatsun yake cika. Ana iya yin sa a gida da jan farce kala huɗu da soso da siririn buroshi da tsinken sakace. Amma kyansa ya dogara ne ga sanin yadda fiffiken gaske yake samun launinsa.

Duk wanda ya taɓa kama malam-buɗe-littafi ya san garin nan da yake bari a yatsa. A ƙarƙashin madubin likita, garin ɓawo ne ƙanana dubbai, jere suna hawa kan juna, kuma su ne ke ɗauke da launi. Launin kuwa iri biyu ne.

Na farko rini ne na sosai. Misalinsa monak na Arewacin Amurka, mai ruwan goro da baƙaƙen jijiyoyi da fararen ɗigo a gefe, wanda ke tashi daga Kanada da Amurka duk kaka, ya yi tafiyar dubban kilomita zuwa tsaunukan Michoacán a Meziko. Shi ne aka fi kwaikwayo a farce. Yana da ɗan'uwa a ƙasar Hausa wanda tsutsarsa ke cin ganyen tumfafiya. Gubar ganyen tana zama a jikinsa, launin nan mai ƙarfi kuma gargaɗi ne ga tsuntsaye.

Na biyu shi ne na morfo, shuɗin malam-buɗe-littafin dazuzzukan Kudanci da Tsakiyar Amurka. Babu shuɗin rini ko kaɗan a fiffikensa. Ɓawon nasa yana da ƙananan matakala masu siririn tsari, waɗanda ke mayar da shuɗin haske ga ido fiye da sauran launuka. Shi ya sa ƙyallinsa ke sauyawa in ya motsa. Jan farce mai ƙyalli yana aiki da wannan dabarar: ana zuba masa garin dutsen mika da aka lulluɓe da siririn sinadarin titaniyam.

To, ga aikin. Mai son monak ta fara shafa man ƙasa marar launi, sannan fari, domin fari ne ke fito da hasken duk abin da ya hau kansa. Ta shafa rawaya da ruwan goro kusa da juna a kan guntun soso, ta riƙa dangwalawa a farcen har su shiga juna. In ya bushe, ta ja baƙin layi a gefe da siririn buroshi, ta fitar da jijiyoyi daga kusurwa ɗaya suna buɗewa zuwa baki. A ƙarshe ta tsoma tsinke a fari ta jera ɗigo a kan baƙin, manya da ƙanana. Mai son morfo kuwa baƙi za ta sa a ƙasa, don ƙyalli ya fi fitowa a kan duhu. A fiffiken ma haka ne, akwai baƙin rini a ƙarƙashin matakalan.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne gaggawa. Jan farce naitroselulos ne da aka narkar a ruwan sinadari mai saurin tashi, dangin fentin mota na shekarun 1920, tun kafin a kafa kamfanin kayan kwalliya na Revlon a 1932. Ba ya bushewa sai ruwan ya tsere. In aka lafta shi da kauri, sama ta daskare, ciki na nan danye, sai layin ya baje. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri.

Jel da ake gasawa a ƙarƙashin fitila yana buƙatar hattara. A 2018 ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi cewa sinadaran akirilet da ke cikinsa na haddasa ƙaiƙayi da kumburi in suka taɓa fata kafin su gasu. Asiton na gogewa kuma yana kama wuta, kada a buɗe shi kusa da risho ko kaskon turare.

Sai batun alwala. Jan farce yana hana ruwa isa ga farce, saboda haka galibin malamai suka ce a goge shi tukuna. Lalle ba ya yin shamaki, rina farcen yake yi, sai dai launinsa ɗaya ne. Don haka mata da yawa kan ajiye irin wannan kwalliya sai kwanakin da ba sa salla.