Lissafin da Ke Biyo Bayan Saki a Arewacin Nijeriya

Saki a shari'ar Musulunci magana ce da miji kan furta ko ya rubuta cikin ƙanƙanin lokaci, amma abin da ke biyo bayanta lissafi ne mai tsawo da ya shafi ci da sha, da muhalli, da sadaki, da kayan ɗaki, da riƙon 'ya'ya, har ma da gado idan ajali ya riski ɗaya daga cikin ma'auratan kafin idda ta cika. A mafi yawan garuruwan arewacin Nijeriya wannan lissafi ba ya isa gaban alƙali, domin ana yin sa ne a zaure tsakanin waliyyai da dattawa, ko kuma a ƙi yin sa gaba ɗaya, matar ta kwashe abin da za ta iya kwashewa ta koma gidan iyayenta. Duk wanda ya gwada abin da littattafan fiƙihu suka tanadar wa matar da aka saka da abin da take samu a zahiri zai tarar da tazara mai faɗi, kuma tazarar ta fi alaƙa da rashin rubutu da raunin zartar da hukunci fiye da ƙarancin dokoki.

Dokar Nijeriya ta san aure iri uku, wato auren rajista, da auren gargajiya, da auren Musulunci, kuma kowanne yana da hanyar warwarewarsa. Auren rajista, wanda mace ɗaya kawai ake yi a cikinsa, Babbar Kotu ce kaɗai ke iya raba shi a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, bayan ta gamsu cewa zaman ya lalace ta yadda ba zai gyaru ba, kuma tana da ikon raba kadarori tsakanin ma'auratan gwargwadon abin da ta ga ya dace da adalci. Auren Musulunci kuwa yana hannun kotunan shari'ar Musulunci da kotunan yanki, daga nan a ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta hurumi kan aure da rabuwarsa da riƙon yara da wasiyya da gado. Waɗannan kotuna suna hukunci ne da mazhabar Malikiyya, kuma madogararsu ita ce littattafan da aka daɗe ana karantawa a makarantun zaure, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Shehu Halilu, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, waɗanda aka rubuta su da Larabci ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ma'anar wannan ita ce mace mai neman haƙƙinta ba ta da wani kundi guda mai sassa da lambobi da za ta buɗe ta nuna wa alƙali, sai dai ta dogara ga zurfin iliminsa da tsoron Allahnsa.

Abu na farko da ke tantance haƙƙoƙin kuɗi shi ne nau'in sakin da ya auku. Saki ɗaya ko biyu bayan an tare shi ne saki na kome, wanda miji ke da damar mayar da matarsa a cikin idda ba tare da sabon sadaki ko sabon ɗaurin aure ba. Idda ita ce wa'adin jiran da mace ke yi kafin ta halatta ga wani, kuma a Malikiyya tsarki uku ne ga mai haila, wata uku ga wadda ba ta haila, haihuwa ga mai ciki. A tsawon wannan lokaci matar tana nan a matsayin matar aure ta fuskar dukiya, domin ciyar da ita da tufatar da ita da ba ta wurin zama duk suna wuyan mijin, kuma idan ɗayansu ya rasu ɗayan zai gaje shi, ita ta sami tumuni idan mamacin yana da ɗa ko 'ya, ko rubu'i idan ba shi da su, a raba tsakaninta da kishiyoyinta. Saki na uku da hul'i, wato fansar kai da mace ke yi, suna yanke igiyar nan take, kuma wadda aka yi wa irin wannan saki tana da haƙƙin muhalli kaɗai har ta gama idda, sai dai idan tana da ciki, a nan ciyarwa ta wajaba saboda abin da ke cikinta. Malikiyya ta kuma toshe wata dabara da ake iya yi wa mata, domin mutumin da ya saki matarsa yana cikin ciwon ajali, za ta gaje shi ko da idda ta ƙare kafin rasuwarsa.

A nan ne al'ada ta fara cin karo da littafi. Hukuncin da ke cikin Suratuɗ Ɗalaƙ shi ne mace ta yi idda a ɗakinta, amma abin da aka saba gani shi ne da zarar takardar saki ta shiga hannunta sai ta yafa mayafi ta nufi gida, wani lokaci cikin dare, wani lokaci da goyo a baya. Iyaye da yawa suna ganin zama a gidan wanda ya ce ba ya so ƙasƙanci ne, kuma ba a rasa dalili a cikin wannan tunani, sai dai sakamakonsa shi ne nauyin ciyarwar wata uku yana sauka daga kan miji ya koma kan mahaifin da watakila bai gama biyan bashin kayan ɗakin da ya yi mata ba. Miji kuwa, tun da sakin bai ci masa ko kwabo ba, babu abin da zai sa ya tsaya ya auna.

Sadaki mallakar mace ne ita kaɗai, mafi ƙarancinsa a Malikiyya rubu'in dinari, kuma yana tabbata gaba ɗaya da zarar an tare, rabinsa kuma idan aka yi saki kafin tarewa. Saki daga ɓangaren miji ba ya ba shi damar neman a mayar masa da ko sisi daga ciki, kuma idan akwai ragowar sadakin da aka jinkirta, ya zama bashi a kansa. Rikicin da ya fi yawa yana tasowa ne a kan hul'i, wato mace ta fanshi kanta da wata dukiya idan ta ji ba za ta iya zaman ba. Malikiyya ta halatta fansar ta kai yawan sadaki ko ta gaza ko ta zarce, kuma wannan ƙofa ce wasu mazaje ke bi su gabatar da dogon lissafi, tun daga kuɗin gaisuwa da lefe har zuwa abin da aka kashe a wurin dina, don matar ta kasa biya ta ci gaba da zama a rataye, ita ba mai aure ba ita ba bazawara ba. Abin da mata da yawa ba su sani ba shi ne mazhabar ta bambanta ƙiyayya da cutarwa. Idan mace ta tabbatar wa alƙali cewa mijinta yana dukanta ko yana zaginta ko ya ƙaurace mata, alƙali yana da ikon raba auren ba tare da ta biya komai ba, kuma ko da ta riga ta biya fansa, idan daga baya ta kawo shaidar cewa cutarwa ce ta tilasta mata, za a mayar mata da dukiyarta, sakin kuma ya tsaya. Haka nan idan miji ya daina ciyarwa, alƙali zai ɗiba masa wa'adi, in ya kasa a raba su, kuma abin da ya ƙi ciyarwa a baya alhali yana da hali bashi ne da za a iya bin sa. Idan rigima ta yi tsanani aka rasa mai laifi, ana naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, waɗanda Malikiyya ta ba su ikon raba auren ko da mijin bai amince ba.

Akwai kuma mutu'a, wato kyautar sallama da miji ke bai wa matar da ya saka don rage mata raɗaɗi, gwargwadon wadatarsa. A Malikiyya mustahabbi ce, alƙali ba ya tilasta ta, shi ya sa ta kusa ɓacewa daga rayuwar mutane.

Game da dukiyar da aka tara cikin zaman aure, shari'ar Musulunci ba ta haɗa aljihun miji da na mata ba, kowa abin da ya mallaka nasa ne. Wannan kariya ce babba ga mace, domin gadonta da jarinta da ribar sana'arta ba su shiga hannun miji ta dalilin aure, kuma kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata, tun daga gado da kujeru har tukwane, nata ne ta tafi da su. Idan aka yi jayayya kan kayan gida babu shaida, ƙa'idar Malikiyya ita ce abin da aka san na mata ne a bai wa matar bayan ta rantse, abin da aka san na maza ne ko wanda kowa ke amfani da shi a bai wa mijin bayan ya rantse. Matsalar tana fitowa ne a wurin matar da ta kwashe adashinta, ko ta sayar da sarƙarta ta zinariya, ko ta zuba albashinta na koyarwa aka sayi buloli da kwano aka gina gida, alhali takardar filin tana ɗauke da sunan mijin shi kaɗai. Shari'a ba ta hana ta neman abin da ta zuba ba, a matsayin rance ko tarayya, amma hujja tana kan mai ƙara, kuma da wuya a sami matar da ta kira shaidu ranar da take miƙa wa mijinta kuɗi a ɗaka. Abin da zai ɗan sauƙaƙa mata shi ne Malikiyya tana karɓar shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai ƙara a shari'ar dukiya, saɓanin tabbatar da saki shi kansa, wanda sai da shaidu biyu maza adalai idan miji ya musanta. Zamanin nan na tura kuɗi ta waya ya bar wa mata wata hujja da iyayensu ba su samu ba, domin bayanan banki ba su mantuwa kuma ba su jin kunyar surukai.

Batun 'ya'ya shi ne inda tazarar ta fi fitowa fili. Sanannen abu ne a ƙasar Hausa cewa da zarar an yaye yaro sai uba ya aiko a ɗauke shi, har mutane da yawa suna zaton hukuncin addini ke nan. A Malikiyya kuwa uwa ce ta fi cancantar riƙo, wanda malamai ke kira hadana, har ɗa namiji ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a gidan mijinta. Idan uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba kuma ta tare, riƙon yana komawa ga kakarsa ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar mahaifiyarsa, kafin a zo ga ɓangaren uba. A duk inda yaron yake, ciyarwarsa da suturarsa suna kan mahaifinsa, kuma matar da igiyarta ta yanke tana iya neman ladan shayarwa. Dalilin da ya sa mata ke sallama wannan haƙƙi ba ɓoyayye ba ne, domin macen da ba ta da tabbacin za a riƙa aiko da kuɗin abinci, ga kuma fargabar kada ɗanta ya zama agola a wani gida, takan ga gara ta bar shi a hannun kishiya. Ko an je kotu an yanke adadin da uba zai riƙa bayarwa duk wata, karɓar kuɗin daga ɗan kasuwa ko ɗan acaɓa wanda ba shi da albashin da za a cira wani aiki ne dabam, kuma tsadar kaya takan cinye adadin cikin shekara guda.

Hukumomi a Kano sun fi taɓa matsalar ta ɓangaren sake aurar da zawarawa. A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara auren gata ta hannun Hukumar Hisba, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin sadaki da kayan ɗaki, kuma a watan Oktoba na 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da ma'aurata 1,800 a rana ɗaya. Wannan ya share wa iyalai da dama hawaye, amma bai taɓa tambayar abin da mijin farko ya kamata ya biya ba. Ƙoƙarin da ya nufi wannan tambaya kai tsaye shi ne wanda Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya bayyana a 2017, na tattara hukunce-hukuncen iyali a kundi guda, wanda ya jawo muhawara mai zafi, musamman kan sharaɗin wadata ga mai son ƙara aure. A Jamhuriyar Nijar ma, inda yunƙurin samar da kundin dokar iyali ya sha cin tura saboda adawar ƙungiyoyin addini, al'ada ce ke hukunta mafi yawan waɗannan al'amura.

Misalin da masu ra'ayin samar da kundin dokar iyali ke yawan kawowa shi ne Maroko, ƙasar da ita ma Malikiyya take bi. Kundin iyalinta na 2004 ya wajabta wa miji neman izinin kotu kafin a rubuta saki, kuma bayan sulhu ya gagara kotu tana ƙayyade kuɗin da zai ajiye cikin kwana 30, waɗanda suka haɗa da ragowar sadaki, da ciyarwar idda, da haƙƙin 'ya'ya, da mutu'a wadda ake aunawa da tsawon zaman auren da ƙarfin mijin da musabbabin sakin. Sashe na 49 na kundin ya bar dukiyar kowa a hannunsa, amma ya ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya ta dabam kan yadda za a raba abin da suka tara tare. Kusan babu wani haƙƙi a cikin wannan jeri da almajirin da ya sauke Risala bai san sunansa ba, bambancin dai shi ne an sa biyansa ya riga sakin, kuma an mayar da mutu'a wajibi bisa ra'ayin wasu mazhabobi. Irin wannan tsari yana buƙatar rajistar aure da ta saki a kowace unguwa da ƙauye, alhali a arewacin Nijeriya aure da yawa ana ɗaura su ne a ƙofar gida ko a masallaci bayan Juma'a, shaidarsu ita ce jama'ar da suka halarta da goron da aka raba.