Kura-kurai uku da ake yi game da shirin ritaya

Ma'aikacin gwamnatin tarayya kan ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Rana ce sananniya, amma takan riski mutane da dama ba shiri.

Kuskure na farko shi ne zaton za a damƙa wa mutum dukkan kuɗinsa a dunƙule. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ma'aikaci na zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10. Idan ya yi ritaya, sai an ware abin da za a riƙa biyansa wata-wata kafin ya karɓi ragowar. Wanda ya ɗora burin gina gida a kan wannan ragowa zai iya shan mamaki.

Na biyu shi ne ɗaukar fansho a matsayin harkar ma'aikata kawai. Tun 2019 hukumar PenCom ta buɗe wa 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu ƙofa su riƙa zuba abin da ya sawwaƙa. Shago ba ya ciyar da mai shi idan ƙarfi ya ƙare.

Na uku shi ne jinkirta koyon kasuwanci sai bayan ritaya. Wanda bai taɓa saye da sayarwa ba, ya zuba kuɗin sallamarsa a kasuwa, asara ɗaya ta isa ta durƙusar da shi, kuma babu albashin da zai cike giɓin. Gara a fara da kaɗan tun ana aiki, domin ba a fafe gora ranar tafiya.