YAWAN 'YAN KALLO NE KE ZAƁEN FILIN GASAR GOLF A BIRTANIYA

Gasar golf ta Open, wadda aka fara a shekarar 1860, ita ce mafi daɗewa daga cikin manyan gasannin wasan guda huɗu na duniya. A da, kyawun fili da wahalar ramukansa su ne ke sa a ba shi baƙuncin gasar. A yau kuwa, tambayar da hukumar R&A mai shirya gasar ke fara yi ita ce, mutum nawa filin zai iya ɗauka.

Dalilin haka shi ne filin golf ba ya kama da filin ƙwallon ƙafa mai kujeru a kewaye. Ramuka 18 ne a warwatse cikin fili mai faɗi, 'yan kallo na bin 'yan wasa a ƙafa. Saboda haka tilas a kakkafa rumfunan zama na wucin gadi, da shaguna, da wuraren cin abinci, da tantunan manyan baƙin kamfanoni, da wurin ajiye motoci da kayan gidajen talabijin. Ban da wannan, sai garin ya mallaki hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da masaukin baƙi da za su wadaci jama'a har tsawon mako guda.

Alkaluma sun nuna inda aka dosa. A shekarar 2000, lokacin da Tiger Woods ya lashe gasar a filin St Andrews na Sikotland, mutum 239,000 suka halarta. A 2022, da aka yi gasar karo na 150 a wannan fili, adadin ya kai 290,000, bayan da aka nemi tikiti fiye da miliyan ɗaya. Binciken da aka gudanar bayan gasar ya ƙiyasta cewa Sikotland ta ci ribar da ta haura fam miliyan 300, idan aka haɗa kuɗin da baƙi suka kashe da tallan da ƙasar ta samu a talabijin.

Filin Royal Portrush na Ayaland ta Arewa ya nuna irin sadaukarwar da ake yi. Bayan gasar 1951, sai da ya jira shekaru 68 kafin ta dawo masa. Kafin hakan ta yiwu, an janye ramuka biyu na ƙarshe daga wasa domin a kafa tantunan 'yan kallo a wurinsu, aka gina sababbi biyu a wani ɓangaren. A 2019 mutum 237,750 suka cika ɗan ƙaramin garin, a 2025 kuma kimanin 278,000.

Waɗanda ba su da irin wannan dama sun ji a jikinsu. Filin Turnberry, wanda Donald Trump ya saya a 2014, masana wasan na sanya shi cikin mafiya kyau a Birtaniya. Amma a gasar 2009 mutum kimanin 120,000 kawai ya tara, kuma daga wannan shekara gasar ba ta koma can ba. A 2025 shugaban hukumar R&A, Mark Darbon, ya bayyana cewa ƙarancin hanyoyi da jiragen ƙasa da masauki a yankin shi ne babban cikas.

Hukumar na kare matsayinta da cewa kuɗin shigar gasar ne take amfani da shi wajen bunƙasa wasan a ƙasashe da dama. Masu sukar lamiri kuma na ganin cewa muddin aka ci gaba da fifita cinikin tikiti, filaye ƙalilan ne za su riƙa karɓar gasar, sauran garuruwa su rasa kasuwar da otal-otal da 'yan tasi da masu abinci ke dogaro da ita. An tsara gasar za ta sake komawa St Andrews a 2027.